Fashin baƙi: inda ranar masu gyaran lambu take zurarewa a Legas

Wata Talata cikin watan Yuni mun isa ƙofar wani rukunin gidaje a Lekki da ƙarfe takwas da kwata, mu bakwai a cikin a-kori-kura, da injinan yankan ciyawa uku da baro da jarkar mai. Daga Agege muka taso bayan sallar asuba. Masu gadi suka ce ba shiga sai matar gidan ta turo lambar shiga, ita kuwa wayarta a kashe. Muka zauna. Sai da tara da rabi ta gota aka ɗaga mana sanda. Da aka sauke kaya inji ɗaya ya ƙi tashi, mutum biyu suka duƙufa a kansa, wannan na jan igiya wancan na hure fulogi, na uku ya tsaya a kansu yana ba da shawara. Wajen sha biyu da rabi rana ta take, yara suka koma gindin bishiya su sha ruwa, kuma daidai lokacin ne matar ta leƙo ta tagar bene. Ta kira ni ta ce mutanena kwanciya suka zo yi a gidanta.

Faɗan da aka sauke mini na je na sauke musu. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya girme ni nesa ba kusa ba, kowa Baba yake ce masa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, tun asuba muke tsaye. Ka lissafa mana awa nawa aka ba mu da ciyawar." Na lissafa a raina, ban kai huɗu ba. Tun daga ranar na sayi ɗan littafi na fara rubuta lokacin tashi, lokacin isa, lokacin shiga, lokacin da inji na farko ya fara kuka, da duk abin da ya tsayar da mu. Abin da littafin ya nuna mini shi ne mafi yawan lokacin da ake asara a wannan sana'a yana zubewa ne tun kafin wuƙa ta taɓa ciyawa, kuma makullin wannan asarar yana hannun ɗan kwangila da mai gida, lebura ba shi da iko a kai.

Aikin kansa ya yi yawa a Legas yanzu. A zamanin gwamna Babatunde Fashola, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka ɗauki ƙawata gari da muhimmanci: aka share Oshodi a farkon 2009, aka mayar da ƙarƙashin gadoji da tsakiyar tituna wuraren shuka, aka ware 14 ga Yuli ta kowace shekara ranar dashen itatuwa, a 2011 kuma aka kafa hukumar kula da lambuna ta jiha, LASPARK. Lambun Muri Okunola a Victoria Island da na Ndubuisi Kanu a Alausa duk sai da hannu suke zama yadda ake ganinsu. Bayan na gwamnati ga rukunin gidaje daga Ikoyi har Ajah, ga makarantu da otal-otal da harabar masana'antu a Ikeja. A ƙasan wannan aiki duka, idan ka duba wanda ke riƙe da adda da manjagara, sau da yawa ɗan Arewa ne. Bayan hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, na ga samari da dama da suka ajiye babur suka zo neman a sa su a layin yankan ciyawa. Hannu ya yi yawa, sai dai yawan hannu bai ƙara abin da ake gamawa a yini ba.

Hanya ce babbar ɓarauniya. Leburori suna kwana inda haya ke da sauƙi, Agege, Mile 12, Ijora, Idi-Araba, aikin mai tsoka kuwa yana tsallaken ruwa. Gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12, kafin a faɗa cunkoson titin Lekki zuwa Epe. Jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana bi ta Agege, amma a Oyingbo yake tsayawa, sauran tafiyar tana nan. A ce mutum shida ne, kuma hanya ta ci awa biyu zuwa, biyu dawowa. Awa 24 na ƙarfin mutane ke nan suka tafi a zaune, daidai da a ce mutum uku ba su zo aiki ba ranar. Kafin 29 ga Mayun 2023 ana iya rufe ido a kan wannan, tunda litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta tashi zuwa wajen 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. Ɗan kwangilar da har yanzu yake karɓar gida ɗaya a Magodo, ɗaya a Ajah, ɗaya a Festac ya jera su a yini guda, fetur yake yi wa aiki.

Maganin nan ba ya bukatar jari, zuciya yake bukata. A raba mako da unguwa: Litinin da Talata gefen Lekki, Laraba Ikeja, haka. Idan abokin ciniki ya nace sai ranar da ba ta unguwarsa ba, ko dai ya biya kuɗin hanya ko a haƙura da shi. Na san da ciwo ka ƙi aiki a garin nan, amma gida ɗaya da ke nesa yana iya cinye ribar gidaje uku da ke kusa. Wanda ya samu gidaje da yawa a rukuni ɗaya ya nemi ɗan ɗaki ko kwantena ya ajiye kayan aiki a can, sai mutane su zo a danfo, motar hayar Legas, hannu sake, a huta da jan mota cike da ƙarfe kullum. Ita kuma ƙofa, tun daren jiya ake karɓar lambar shiga. Wurare da yawa ba sa yarda da ƙarar inji da sassafe, to ba sai a zauna jira ba: shara, cire haki da hannu a cikin furanni, ban ruwa da aikin almakashi duk ba su da ƙara, su ne aikin awar farko.

Sai inji. Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne na fi ganin ana zubar da kuɗi da ganganci. Injin rataya, wanda ake saƙalawa a kafaɗa, galibinsa ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa man da 'yan acaba suka sani da 2T. Kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a lita ɗaya, mililita 100 a jarka mai lita 5. Wasu injinan masu araha sun fi son mai da yawa, kuma a rubuce yake a jikinsu ko a takardarsu. Abin da ake yi a fili kuwa shi ne a kwarara da ido. Idan ya yi kaɗan inji ya yi zafi ya cije, idan ya yi yawa ya yi ta hayaƙi fulogi ya toshe, a ɓata rabin awa ana gogewa. Sirinji babba ɗaya daga kemis ta kashe wannan matsala a wurinmu. Ana gauraya man da yamma a jarka mai alama, mutum ɗaya ke yi, ba kowa ba.

Wuƙar inji ma haka. Dakusasshiyar wuƙa yaga ciyawa take yi, kwana biyu sai ka ga bakin ganyen ya yi fari-fari kamar an babbaka, mai gida ya ce ba a ba da ruwa ba. Tana kuma sa inji shan mai, ta sa mai turawa ya koma ta kan inda ya wuce. A ƙasar Lekki mai rairayi wuƙa ba ta daɗewa, yashi na cinye kaifinta. Wuƙa biyu ga kowane inji, ɗaya a jiki ɗaya a wase cikin akwati, ta fi a tsaya da magagari a tsakiyar aiki. A akwatin nan a samu fulogi, igiyar tayarwa, zaren yanka da sufana. Da hunturu soson tace iska yana cika da ƙura, a wanke shi duk mako. Kuma kowane inji ya zama yana da mai shi, wanda ya san kukansa, wanda za a tambaya idan ya lalace. Injin da kowa ke ɗauka ba mai duba masa mai. Idan kuma ya ƙi tashi, mutum ɗaya ne zai tsaya a kansa na minti goma, in ya ƙi a ajiye a ɗauki adda, a kai wa makaniki da yamma. Abin da ya faru ranar Talatar nan, mutum uku a kan inji ɗaya, laifina ne da ban taɓa faɗin wannan ba.

Ita ciyawar fa tana da nata lissafi, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun saɓa masa. Ruwan Legas ya kusa ninka na Kano sau biyu, kuma kashi biyu yake zuwa: mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ciyawa kusan barci take. Amma takardar kwangila sai ta ce sau biyu a wata, shekara zagaye. A Yuni sau biyu ya yi kaɗan, kafin a dawo ta kai ƙauri, inji na shaƙewa, ga tulin yankakkiyar ciyawa da za a kwashe. A Janairu sau biyu ya yi yawa, ana tura inji a kan ƙura don kawai a ce an zo. Masana ciyawa suna da ƙa'ida: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Wanda ya bi ta zai riƙa zuwa kusan duk mako da damina, ya rage sosai da rani, kuma jimillar aikin ta fi sauƙi, domin gajeriyar ciyawa da gudu ake wuce ta. Guntayen da suka faɗo ƙanana ne, ana barinsu su ruɓe su zama taki, babu cika buhu, babu neman motar shara. Duk wanda ya taɓa jiran motar kwashe shara da buhu ashirin na ɗanyar ciyawa a ƙofar gidan mutane ya san darajar wannan.

Masu gida da yawa suna son a aske ciyawa ƙwal, wai don ta daɗe ba ta fito ba. Mu da muka taso a gona mun san abin da ke biyo baya idan ƙasa ta tsiraita: tofa da aya-aya ne ke samun ƙofa. Ciyawar kiri-kiri tana jure yanka ƙasa-ƙasa, amma mai faɗin ganye da aka fi shimfiɗawa a gidajen Legas ba ta so. Aski ɗaya na ganganci yana haifar da makonni na tsugune ana cire haki da hannu. Heluma nagari sai ya iya yi wa mai gida wannan bayani cikin ladabi, ko da ba za a ji ba a karon farko.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa jin 'yan kwangilar da ba Hausawa ba sun gane shi da wuri ba. Mutanenmu da yawa 'yan ci-rani ne. Suna saukowa kudu bayan girbi, su koma gida idan ruwa ya sauka a Arewa, wajen Mayu zuwa Yuni, domin shuka da noman farko ba sa jira. To wannan lokacin ne kuma ciyawar Legas take haukacewa. Wato ƙwararrun hannu suna tafiya daidai ranar da aka fi bukatarsu, a kwaso sababbi da ba su san bambancin fure da haki ba, su sare abin da Madam ta saya da tsada. Ba wanda zai hana mutum zuwa gonarsa, kuma bai kamata a gwada ba, abincin gidansa na shekara ne. Abin yi shi ne a zauna tun watan Maris a tambayi kowa yaushe zai tafi, yaushe zai dawo. Wasu suna da ƙanne a gida, mako biyu ya ishe su, sai a jera tafiyar kada ta haɗu. Wasu za su tsaya idan an ƙara musu abin da za su aika a ɗauki 'yan ƙodago. Sababbin kuma a ɗauke su tun Afrilu su yi wata guda a gefen tsofaffi. Watannin rani da ciyawa ke hutawa su ne na sassabe itatuwa, gyaran inji, yashe magudanar ruwa kafin damina, da koyar da yara.

Batun awo gajere ne amma ba a yinsa. Fuloti a Legas ƙafa 60 ne da 120, ba 50 da 100 da muka saba ba, kuma ba duka ne ciyawa ba. Injin turawa mai faɗin rabin mita, a tafiyar kilomita 4 cikin awa, a lissafi zai share murabba'in mita 2,000 a awa ɗaya idan fili ne shimfiɗaɗɗe ba cikas. Gidajen Lekki ba haka suke ba: 'yar siririyar ciyawa tsakanin duwatsun ado, fitilun ƙasa, shingen fure mai ruwan ɗorawa da ke son almakashi duk bayan mako biyu. Ƙaramin gida mai kwana-kwana yana iya cin lokaci fiye da filin ƙwallon makaranta. Wanda ya yanka farashi da kallon girman gida daga ƙofa, shi zai dawo yana matsa wa leburori su cike giɓin da ya haƙa da bakinsa. A taka wurin da ƙafa, a ƙirga bishiyoyi da tsawon shinge, a duba inda famfo yake da ko mesa za ta kai. A wasu sassan Lekki ruwan burtsatse yana da gishiri ko tsatsa, sai an sayi na tanka, wannan ma lokaci ne da kuɗi. Ban ruwa da sassafe, da rufe gindin furanni da busasshen ganye ko ɓawon katako, suna rage yawan zagayen da ake yi da mesa.

Kuɗi kuwa, gaskiya ɗaya ce: mutumin da bai san ranar da za a biya shi ba, rabin hankalinsa yana wani wuri. Gwamnatin tarayya ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Legas ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta, amma leburan yini yana wajen wannan inuwa. Kamfani ya jinkirta biyan ɗan kwangila, ɗan kwangila ya jinkirta biyan yara, wanda ya fi iya aiki shi ne na farkon samun wani wuri. Duk ƙwararren da ya tafi, da shi ake tafiya da sanin inda bututun ruwa ya bi a ƙarƙashin ciyawa da wane kare ne ba a ɗaure ba. Wasu suna ganin jinga ce mafita, a ce gama gidan nan ka karɓi kaza. Jinga tana sa gudu, ba shakka, amma sauri kan haifi nawa: a tsallake lungu, a aske ciyawa, a bar inji da zafi ba hutu. Abin da na ga ya yi aiki shi ne kuɗin yini tsayayye da ake biya ranar da aka ce, sannan ɗan ƙari ga ayarin duka idan mako ya ƙare ba a kira mu gyaran aiki ba. Da ƙarin ya zama na kowa, su da kansu suke duba bayan juna.

Gyaran aiki, wato a dawo da ku ku sake abin da kuka riga kuka yi, yawancinsa daga harshe yake. Madam ta yi bayani da Turanci da sauri, yaro ya ce "yes ma" don kunya, ya je ya rage bishiyar da aka ce a bari. Umarni ya bi ta baki ɗaya, na heluma, shi kuma ya maimaita wa mai gida abin da ya ji kafin a taɓa komai. Hoto a WhatsApp, kafin aiki da bayansa, ya raba mu da gardama mai yawa.

Jikin mutum ma inji ne da ke zafi. Zafin Legas da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, mutum na iya galabaita ko rana ba ta fito sosai ba. Hutun da matar nan ta gani ta taga yana cikin aikin, wanda aka hana shi da azahar zai biya shi da la'asar da kasala ko da rauni. Aiki mai nauyi na safe ne, na inuwa na tsakar rana, ruwan sha kuma a kan mai kwangila yake, ba a aljihun lebura ba. Da azumi muna roƙon a bar mu mu shiga da wuri mu tashi kafin biyu, ranar Juma'a kuma gajeren aiki muke sawa kusa da masallaci. Injin rataya yana harba tsakuwa da ƙarfin da ke fasa gilashin mota, balle ido, ƙararsa kuma ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙara, matakin da likitocin kunne ke cewa daga nan ji yake fara lalacewa idan an daɗe. Tabarau, takalmin roba mai tsawo, abin toshe kunne, da riga mai ƙyalli ga masu aiki a tsakiyar titi, duka kuɗinsu bai kai na gilashin mota ɗaya ba. Kafin a tayar da inji mutum ɗaya ya zaga ya tsince duwatsu da waya da kwalabe, a nemi a janye motoci. Maganin feshi kuma kada a ba wanda ba a koya wa ba, kada a zuba shi a gorar ruwan sha, kada a fesa da iska.

Gidan nan na Lekki har yanzu muna zuwa. Na koma na zauna da matar, na buɗe mata littafin ta ga lokacin da muka iso da lokacin da aka buɗe mana. Ba ta ce komai ba, amma yanzu lambar shiga tana isowa tun dare, kuma mun samu gidaje huɗu a layinta, ranar Talata duka. Kan tsawon ciyawa dai ba mu daidaita ba, tana nan a kan a aske. Littafin yanzu a hannun Baba yake, da ajami yake rubutawa, kuma ya ƙara layin da ban sa ba: sunan duk wanda ya sha ruwa da wanda bai sha ba kafin azahar.